Gidan ƙasa ba ya son rigar siminti

Assalamu alaikum, Edita. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Mu magina ne da kafintoci da ke neman abinci a nan Legas, tsakanin Agege da Mile 12 da Idi-Araba, kuma da 'yan'uwanmu mazauna Kudu muke magana, waɗanda Allah ya buɗa wa suka ƙuduri aniyar gyara gidan iyaye a ƙauye, su ƙara ɗaki ɗaya ko biyu don tsofaffi ko don amarya. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake fara aikin daga inda ya kamata a gama shi. Da kuɗi sun shigo hannu sai a buga waya gida a ce a sayo siminti a shafe bango, a shimfiɗa tayil, a yi fenti, gida ya yi kama da na Ikeja. Damina biyu ko uku sai labari ya zo cewa filasta ta ɓare ta zube, ta tafi da rabin bangon a jikinta.

Ba tsufa ke kashe gidan ƙasa ba, ruwa ne. Ko ya shigo ta sama, ko ya hau ta gindi, ko ya doke shi ta gefe. Gara ma bin danshi take yi. Wanda ke shakkar ƙarfin ginin ƙasa ya je ya ga Gidan Makama a Kano, ko Gidan Ɗan Hausa, ya ga abin da tubali da azara ke iya yi idan ana kula da su. Don haka duk nairar da aka kashe kafin a raba gida da ruwa, ado aka saya, ba gyara ba. Kuma a daina auna gidan Arewa da abin da ido ya saba gani a Legas. Nan ruwa yana sauka watanni da yawa, iska cike da laima, bulo da siminti su ne daidai. A Kano ko Katsina ko Sakkwato damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma tana zuwa da guguwa, bayan haka kuma sai wata bakwai ko takwas na bushewa da zafi, wanda kauri da sanyin bangon ƙasa ke maganinsa fiye da bulon inci shida.

Kafin komai, idan gidan na gado ne a zauna da magada. A raba, ko a rubuta yarjejeniya gaban dagaci ko mai unguwa da shaidu, a san ɓangaren da mai ginin zai taɓa da wanda ba nasa ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a karkara, kuma neman ta bai kai tsadar shari'a ba. Gine-gine da yawa sun tsaya a linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, saboda wannan, ba don kuɗi sun ƙare ba.

Sai duba gidan. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Agusta, ana tsaka da ruwa, ba ranar Sallah ba da ake ta gaishe-gaishe. Mai gida ya ɗauki lema ya zagaya yana kallo: ina ruwan tsakar gida ke bi, ina yake kwanciya, indararo nawa ke aiki, nawa ne suka toshe da ciyawa da sheƙar tsuntsu. Ya dubi bangon gabas da kyau, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma wannan fuskar ce ta fi cin duka. A cikin ɗaki ya duƙa ya dubi gindin bango. Idan ya ga wani layi mai duhu ya hau kamar kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, da farin gari kamar kanwa a bakinsa, ya shafa da yatsa ƙasar ta zubo kamar garin tuwo, to danshi ne ke hawa, yana ɗauke da gishiri. Sau da yawa za a tarar bayan wannan bangon ne ake ɗaure tumaki, ko makewayi, ko wurin ajiye randa.

Tsaga kuma iri-iri ce. Ƙananan da suka bazu kamar yanar gizo a fuskar yaɓe, bushewa ce kawai, ba abin tsoro ba. Wadda ta miƙe daga sama zuwa ƙasa a kusurwa, tana faɗi ta sama, tana nufin bango biyu suna rabuwa. Wadda ta karkata daga kusurwar ƙofa ko taga ta nufi ƙasa, ƙasan gini ce ke zama. Don a san ko tana tafiya ko ta tsaya, a liƙa ɗan siminti mai faɗin tafin hannu a gicciye a kanta, a zana kwanan wata da ƙusa tun yana ɗanye, a bar shi ya sha damina guda. In ya tsage, bangon na motsi, cike tsagar ɓarnar kaya ce har sai an gano dalili. Karkata kuwa da igiya ake gwada ta, a ɗaura dutse a sako daga saman bango. A lura bangon ƙasa tun asali gindinsa ya fi samansa kauri, saboda haka a gwada ciki da waje, kar a rushe lafiyayyen bango don an ga ya tsuke ta sama. A ƙa'idarmu, in saman ya kauce da kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, misali santimita 15 a bango mai kaurin 45, a sauke shi a sake, kar a tsaya lallashi.

Azara ba a tsakiya take mutuwa ba, a baki take mutuwa, inda ta shige cikin bango. A samu doguwar ƙusa ko tsinin wuƙa a caka daidai wurin. Lafiyayyar azarar giginya ƙusa ba ta shigarta, sai dai ta lanƙwashe. In ta nutse kamar an caka ɓargo, ko gari ya zubo, wannan ta gama aiki. A bi su ɗaya bayan ɗaya, a sa alli a kan matattun. In sun wuce kashi ɗaya cikin huɗu a ɗaki, rufin ne za a sauke gaba ɗaya, kuma kar kowa ya ƙara kwana a ciki har a yi.

Aikin farko, wanda ba shi da tsada kuma samarin gida za su iya da diga da shebur, shi ne nuna wa ruwa hanya. Tsohon gida yakan nutse ba don ya motsa ba, sai don ƙasar kewaye ta hau: shara, toka, zaizayar bango ta shekara arba'in, da cikon da maƙwabta suka yi. Sai ka ga ana sauka taki ɗaya kafin a shiga ɗaki. A sayi siririn tiyo mai haske, mita goma ko sha biyar, a cika shi da ruwa, a fitar da kumfar iska. Ruwan da ke bakinsa biyu kullum daidai yake tsayawa, da shi za a zana layi ɗaya a jikin bangaye, a auna daga layin zuwa ƙasa, a san inda ya fi tudu da inda ya fi kwari. A sassaƙe tsakar gida ta gangara nesa da bango, santimita biyu zuwa uku a kowace mita, har zuwa rariya. Rariyar kanta a faɗaɗa ta, a sa bututu mai inci shida ko fiye. Wanda ke ganin abin wasa ne ya yi lissafi: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Rufin murabba'in mita 60, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, lita 3,000 zai zubo, wato duro 15 na lita 200. Duk wannan a gindin bango yake sauka idan ba a yi masa hanya ba. Inda bakin indararo ke zuba, a shimfiɗa duwatsu ko a ajiye duro, don tartsatsin ruwa shi ke cin gindin bango a hankali har ya yi masa rami.

In gindin ya riga ya zaizaye, a gyara shi da rani, kuma ba a lokaci ɗaya ba. A raba tsawon bangon gida-gida, kowane kada ya wuce mita ɗaya. A yi na farko, a tsallake biyu, a yi na huɗu, sai sun bushe a dawo kan na tsakiya. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar har a kai mai tauri, a cike da dutse ko gasasshen jan bulo, a danna sosai har ya tokari bangon sama. Lebura mai gaggawa da ya ƙwaƙule gindin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan don ya gama da wuri, shi bango ke dannewa. Ba a yin wannan aikin yara na wasa a kusa.

Rufi kuwa, shawararmu ita ce in azara na da lafiya kar a sauke soron. A bar shi ya zama silin, a ɗora kwano a samansa da tazarar da iska za ta ratsa, kamu biyu ko fiye. Ɗakin zai ci gaba da sanyinsa a watan Afrilu, ba ƙarar ruwa a kan kwano da dare, kuma an huta da yaɓen rufi na kowace shekara. Ga wani dalili da ba kowa ya sani ba: azarar nan ita ke riƙe da kawunan bangaye. Ranar da aka cire ta, bango huɗu sun zama kowa tasa ta fisshe shi, sai an ɗaure su da katako mai kauri da aka zagaya samansu aka haɗe a kusurwa. Bakin kwano ya fito waje da aƙalla santimita 60, ta gabas ma a ƙara. Masu ɓoye kwano a bayan bango don tsoron iska, su sani kwatar da ke tsakanin kwano da bangon nan ita ce ke fara yoyo, kuma kai tsaye cikin bango take zubawa. In za a yi haka a sa faffaɗar kwata ta ƙarfe, a riƙa share ta kafin ruwan farko.

Kowace shekara a farkon damina ana jin labarin rufin da iska ta yaye. Kusan duk sababin ɗaya ne: an ɗora katako a kan bango an buga ƙusa, an dogara da nauyinsa. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. A ɗaure katakon da ke kwance a kan bango da langa-langa ko rodi mai milimita shida, a kowace mita ɗaya. A bangon ƙasa a huda ƙasa da saman da kamar santimita 60, a zura, a sa guntun katako a bakin hudar don kada ƙarfen ya yanka ƙasa. A sabon gini kuwa tun lokacin zuba linta ake binne shi cikin kankare. Rafta, wato katakon da ke gangarowa daga saman rufi zuwa bango, ta inci biyu-da-huɗu, tazara kada ta wuce mita 1.2, katakon da ake buga kwano a kai kuma santimita 90, a bakin rufi a matso da su. Ƙusa a kan tudun kwano ake bugawa, ba a kwarinsa ba, kuma a layin baki da na tsororuwa kowane tudu sai an buga. Duk katako a jiƙe shi da maganin gara kafin ya hau, musamman inda aka yanka. Baƙin man inji da ake shafawa yana ɗan taimakawa, amma bai kai maganin ba. Ɗanyen katako kuma a jingine shi a inuwa ya sha iska, in ba haka ba zai murɗe a sama ya zare ƙusoshi.

Yanzu ga maganar da ta sa muka ɗauki alƙalami. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, tana ɗan kumbura da damina tana tsukewa da rani. Siminti ba ya bin ta. Shekarar farko sai ya yi siraran tsagogi da ido bai cika gani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka: ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita, ya zauna yana jiƙa ƙasar daga ciki. Daga waje gida fes, fenti na sheƙi. Ka ɗauki makulli ka ƙwanƙwasa, sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Ka ɓalle ɓawon, ka tarar da laka mai sanyi, da hanyoyin gara sun yi reshe-reshe har sama. Bangon da ba a shafe ba aƙalla yana nuna ciwonsa, a yi masa magani da kwando biyu na ƙasa. Fentin mai ma haka yake toshe bango, daɓen siminti da tayil kuma suna hana danshin ƙasa fita ta tsakar ɗaki, sai ya koma ya hau bango. Wanda zai yi daɓen siminti a tsohon ɗaki, sai ya fara gama maganar ruwan waje, ya haƙe, ya zuba tsakuwa kamar santimita 10, ya shimfiɗa leda mai kauri kafin kankare.

Abin da bangon ƙasa ke so shi ne irin jikinsa. A nemo ƙasar gini, a gwada ta: a kwaɓa, a mulmula kamar kaurin babban yatsa, a riƙa turo ta a hankali daga bakin tafin hannu har ta karye. In ta karye kafin santimita 5, yashi ya yi yawa. In ta wuce 15 ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa, za ta tsattsage, a ƙara yashi. Tsakanin nan ake so. A kwaɓa da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu ko na doki, a tattake, a rufe, a bar ta ta kwana huɗu ko biyar ana juyawa har ta ruɓa ta yi danƙo. A kankare tsohon yaɓe, a yayyafa ruwa, a yaɓa sau biyu, kowane kada ya wuce kaurin yatsa, na farko ya bushe kafin na biyu. A sama a bi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da iyayenmu mata suka sani tun wajen daɓe. Magabata a birane har laso suke haɗawa, wato shafen da ke hana ruwa shiga bango, da katsi daga marina da gashin jima da dafara, kuma inda aka samu tsohon maginin da ya iya, a biya shi da kyau. Ciki kuwa farar ƙasa ta wadatar, tana haske kuma ba ta toshe bango.

Mun san akwai wanda zai ce shi dai sai siminti, don ba mai yi masa yaɓe duk shekara, samari sun tafi ci-rani. Hujja ce, ba mu raina ta ba. To a yi shi bayan rufi da magudana sun kammala, bango ya bushe sarai. A buga ƙusoshin inci huɗu a kowane santimita 30, a ɗaura wayar kaji, a yi haɗi mai rauni, buhu ɗaya da kwanon sarki 16 na yashi, kada ya fi haka ƙarfi. Saman bangon kuma dole ya kasance a ƙarƙashin kwano. Katangar da kanta ke buɗe, filasta ba ta daɗe a kanta.

Sabuwar taga ko ƙofa a tsohon bango, linta ake fara sawa kafin a fasa. A sassaƙa gurbi zuwa rabin kaurin bango, a zura katako mai ƙarfi ko lintar da aka riga aka zuba a ƙasa ta bushe, ta hau bango da santimita 30 ko fiye kowane gefe, a cike a danne. Bayan kwana biyu a yi ɗaya rabin ta ɗaya fuskar, sannan a fasa ƙasansa. Faɗi kada ya wuce mita 1.2, kuma a nisanci kusurwa da mita guda.

Ƙarin ɗaki shi ne inda aka fi tafka kuskure. Don a rage bulo sai a jingina sabon gini da tsohon bango, a yi bango uku, a sarƙa bulo cikin ƙasa. Tsohon gini ya gama zamansa tun zamanin kakanni, sabo kuwa yanzu zai fara, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. A mahaɗar za su rabu, ruwan rufi biyu ya bi ta nan. Sabon ɗaki ya tsaya da ƙafarsa, bango huɗu da harsashinsa. Mafi alheri a bar lungu na mita ɗaya tsakaninsu, a rufa shi ya zama baranda. In fili ya yi kaɗan a bar tazarar yatsa biyu, a rufe samanta da kwano, kuma ramin harsashin da ke kusa da tsohon bango a haƙa shi guntu-guntu ana zubawa, don tsohon ginin ƙasa sau da yawa harsashinsa bai kai gwiwa ba.

Ga lissafin ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayi ƙafa 10, ƙofa ɗaya da taga biyu, da bulon inci tara. Kusurwa da awon uku, huɗu, biyar ake daidaita ta: ƙafa uku a igiya ɗaya, huɗu a ɗayar, tsakaninsu ya ba da biyar cif. Rami faɗin santimita 68, wato ninki uku na bulo, zurfi daga santimita 60 zuwa 90 har a taɓa ƙasa mai tauri. Inda ƙasa baƙar laka ce mai dararrewa da rani, irin ta wasu sassan Borno da Adamawa da Gombe, wannan awon bai isa ba, a nemi injiniya. Buhun siminti kilo 50 ne, daidai da kwanon sarki biyu. Kankaren harsashi buhu ɗaya, yashi shida, tsakuwa 12, kauri santimita 22, zai ci buhu 10 zuwa 11. Bulo goma ke rufe murabba'in mita ɗaya, layi ɗaya na zagayen ɗakin bulo 34 ne, gaba ɗaya da na cikin ƙasa da wanda zai fashe a tanadi 550 zuwa 580. Jera su zai ci buhu 11, a haɗin buhu ɗaya da yashi 12. Daɓe mai kaurin santimita 10, a haɗin buhu ɗaya, yashi huɗu, tsakuwa takwas, buhu takwas, kuma ya fi tsakar gida tudu da aƙalla santimita 30, da leda a ƙarƙashinsa har ta hau kan bulo. Linta kada a yi ta guntu-guntu a kan ƙofa da taga kawai, a zagaye ɗakin da ita: rodi huɗu masu milimita 12, wato sanda shida tunda kowace mita 12 ce, zobe na milimita takwas a kowane santimita 20, sanda biyar, siminti buhu biyar. Inda rodi ya haɗu da rodi su hau juna da santimita 60, kuma kada mahaɗar ta faɗo a kusurwa ko a kan ƙofa. Filasta ciki da waje buhu takwas. Jimla buhu 40 zuwa 45, ban da na buga bulo. Wanda aka ce masa buhu 80, ya tambaya. Wanda aka ce masa 25 ma ya tambaya, wannan ya fi ban tsoro.

Bulo in za a buga a gida, buhu ɗaya kada ya wuce 30 zuwa 35 na inci tara. Na kasuwa akwai masu fitar da 50, shi ne wanda za ka murza da babban yatsa yashi ya zubo. A ɗaga ɗaya zuwa ƙugu a sake shi a kan ƙasa mai tauri, in ya tarwatse a bar musu kayansu. Yashi a damƙa a jiƙe, in ya ɓata tafin hannu da laka, bai dace da kankare ba. Inda jar ƙasa ke da kyau ana iya buga bulon ƙasa da ɗan siminti, buhu ɗaya ga kwanon sarki 25 zuwa 30, a matse da inji. Ya fi bulon yashi sanyi, kuma ya fi dacewa da tsohon gida.

Ban-ruwa shi ne abin da ba a biya wa kowa, shi ya sa ba mai yi. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, ruwa ne, kuma sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Da hunturu iska na tsotse ruwan kankare cikin sa'o'i, sama ya yi fari ya yi gari. Bulo da linta da daɓe da filasta duk a shayar da su safe da yamma kwana bakwai, a lulluɓe da tsofaffin buhuna jiƙaƙƙu. A ɗora wa yaro ɗaya wannan aikin a riƙa ba shi na goro. Tokaren da ke ƙarƙashin linta ya kai mako biyu kafin a cire. A sa kuɗin ruwa a lissafi tun farko, don a ƙauyuka da yawa watan Maris jarka tsada take.

Dakin, wato rufin kankare, a kan bangon ƙasa kuwa, a'a. Kankare mai kaurin santimita 15 nauyinsa kilo 360 ne a kowane murabba'in mita, ɗaki ɗaya ya haura tan huɗu da rabi, ana zuba shi da ruwa yana tsiyaya cikin bango, kuma duk mai yin dakin bene yake hange. Mai son bene ya yi sabon gini da ginshiƙai da zanen injiniya.

Banɗaki na cikin ɗaki, wanda kowa ya zauna Legas yake so, a kai shi sabon ɓangaren, kada famfo ko bututu ya ratsa bangon ƙasa, don ɗigo ɗaya na shekara ya isa ya kayar da shi. Ramin masai ko sokawe ya nisanci rijiya da mita 30, ya kasance ta gangare da ita, har da rijiyar maƙwabci. Tsohon silin na asbestos, irin falle-fallen nan masu launin toka, kada a sare shi da zarto ko a farfasa shi a bushe, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa, a cire shi ɗungurungum, a rufe hanci, a binne. Wayar lantarki a zura ta cikin bututu, milimita 1.5 don ƙwai, 2.5 don soket, kuma wannan da ɗaurin rufi da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin soro, ba aikin koyo ba ne, a kira masu shi. Haƙa, ɗiban ƙasa, kwaɓi, buga bulo, ban-ruwa da shafa farar ƙasa, duk mutanen gida za su iya, in an yi gayya ma kwana biyu sun isa a tara ƙasar yaɓe.

A fara bayan an kai amfanin gona gida, wajen Nuwamba, lokacin da hannu ya samu kuma ƙasa ta fara bushewa, a tabbata rufi ya hau kafin ƙarshen Maris. Siminti ba sai an loda daga Legas ba, ana yin sa a Sakkwato da Ashaka da Obajana, kuɗin mota kawai za a ƙara wa kai. A saye shi kashi-kashi, a ɗora kan katako nesa da bango, kada ya wuce wata biyu ko uku a ajiye, wanda ya yi ƙulalai masu tauri ya mutu. Abin da ya cancanci a saya a nan shi ne ƙananan kaya masu inganci da ba a samu a kasuwar ƙauye, irin su makullai da hinjis da wayar wuta.

Wanda ba zai iya barin sana'arsa ya je ya tsaya ba, kada ya tura kuɗin a dunƙule, ko da wa yake aikawa. Ba zargi ba ne, kuɗi a gida suna da masu kira da yawa, ga asibiti ga suna ga taki. A biya mai kaya kai tsaye, a biya magini mataki-mataki, kuma kafin a rufe duk abin da ba za a sake gani ba a turo hoto ta WhatsApp: ramin harsashi da tef a tsaye a cikinsa, ledar daɓe kafin kankare, rodin linta a ɗaure kafin a zuba, langa-langa a jikin katako kafin kwano ya hau. Buhunan simintin da aka juye kuma a ce a tara su wuri ɗaya, a ƙirga ranar da aka je.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu magina da kafintoci,
Agege, Legas.